Zaman Makokin Madam Rozin

Mutum uku suka ce mini ba zai yiwu ba, kuma kowannensu yana da hujjarsa. Likitan da ke duba ni a Daura ya ce gwiwar da ba ta kai ni masallacin Juma'a sai da sanda ba ita za ta kai ni Faransa ba. Babban ɗana, Nasiru, ya ce Turawa ba sa ba tsoho biza don ya je gaisuwar mutuwa, sai dai a yi mini dariya a ofishinsu. Na ukun shi ne limamin unguwarmu, Malam Isiyaku, wanda muka yi karatun allo tare a Sandamu. Shi bai yi maganar gwiwa ba.

"Haruna," ya ce, "matar nan ba Musulma ba ce. Ka san ba za ka tsaya a kanta ka roƙa mata gafara ba."

"Na sani."

"To me ya rage? Gaisuwa kaɗai, ita kuwa gaisuwa ta mai rai ce. Ka sami nata ka ce Allah ya ba su haƙuri, wannan babu laifi. Tana da wa?"

Na ce ban sani ba.

"Wato za ka ƙetare teku ka gaida wanda ba ka san ko akwai shi ba."

Na ce haka ne. Na kuwa tafi, kuma tambayarsa ce ta raka ni har can.

Ya kamata in faɗi ko wace ce. A zamanin da muke ƙarƙashin jihar Kaduna, gwamnati ta tura ni ƙaro karatun Faransanci a wani gari mai suna Bezanson, wanda kogi ya kusa zagaye shi. Aka sauke ni a gidan wata mata mai ba ɗalibai hayar ɗaki. Ba zan rubuta sunan da ake buga mata a allon silima ba, domin ita kanta ta ce ba nata ba ne, masu fim suka raɗa mata. A gida Madam Rozin muke ce mata.

'Yar maɗinki ce. Bayan yaƙin duniya ta tafi Paris tana ɗinka tufafin 'yan wasa, har wani mai shirya fim ya gan ta durƙushe da allurai a baki tana kalmasa rigar wata, ya ce ta tashi ta fito a matsayin 'yar aiki. Daga nan ta shiga. Shekaru da dama tana fitowa a finafinan baƙi da fari, kuma ba kasafai ake ba ta babban matsayi ba. Ita ce matar da ake bari a tashar jirgin ƙasa, ita ce wadda tarin fuka ke kashewa, ita ce ake tsamowa daga kogi. Sai wasu samari suka zo da ƙananan kyamarori suna ɗaukar fim a kan titi, suka ce fuskar da ba a sani ba suke so. Tata kuwa an san ta. Ta koma ara wa matan finafinan Amurka murya, daga baya wannan ma ya tsaya, ta dawo gidan ubanta ta raba shi ɗaki-ɗaki.

Ina gidanta wayar tangaraho ta iso cewa mahaifina ya rasu a Sandamu, har an kai shi makwancinsa. Na hau ɗakina na tuɓe takalmi, na zauna a ƙasa na jingina da bango. Ta ƙwanƙwasa ta shigo ta tsaya tana kallona.

"Malam, a garinku me ake yi?"

Na ce ana zama. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku, mutane su zo su tuɓe takalmi, su durƙusa su tambayi haƙuri, su ɗan zauna, su tashi.

"Babu jawabi?"

"Babu."

Ta tuɓe takalminta ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Can ta ce, "Zan iya kuka yanzu, da idon dama ko na hagu, wanda ka zaɓa. Sana'ata ce. Saboda haka ba zan yi wa mahaifinka ba."

Washegari ta bi maƙwabta gida-gida. Ta kawo mai gasa burodi, ta kawo wani tsohon ɗan sanda, ta kawo matar mai kantin magani. Tana tsaye a bakin ƙofa tana ba su umarni kamar mai shirya fim: a tuɓe takalmi, a zauna a ƙasa, ban da surutu. Turawa masu ƙiba suna ta fama da gwiwoyinsu a kan katakon ɗakina saboda wani manomi na Sandamu da ba su taɓa jin sunansa ba. A rana ta uku, da kowa ya watse, ta ce, "A fim an binne ni sau da yawa, kullum da babban taro, amma duk biyansu aka yi. Ranar ta gaske babu wanda zai zauna."

Na ce, "Ni zan zo."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, domin ba a haife ni a gidan da ake faɗin irin wannan magana don daɗin baki ba.

Na dawo gida, na koyar, na riƙe makarantu, na yi ritaya. Gaisuwar sabuwar shekara da muke aika wa juna ta yi ta raguwa har ta yanke. Wata safiya ina sauraron rediyon Faransa, kamar yadda na saba bayan sallar asuba, sai aka ambaci rasuwarta a jimla biyu, tsakanin labarin wasanni da na yanayi. Ban ji komai a raina ba. Na kashe rediyon na ce wa Nasiru ya bincika mini yadda ake neman biza. Kafin ta fito watanni sun wuce.

A filin jirgin Paris jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce gaisuwar mutuwa. Ya ce wurin wa? Na ce abin da na zo nema ke nan. Ya dubi farin gemuna, ya dubi tabarmar kaba da na sayo a kasuwar garin Babban Mutum, naɗe a hammatata, ya buga hatimi.

Abu na farko da na lura da shi shi ne Faransancina ya tsufa tare da ni. Na yi shi tsab kamar yadda aka koya mini, jimla cikakkiya, da ban girma a farkonta da ƙarshenta. Yaran da ke tsaron kantuna sai su yi murmushi su amsa mini da Ingilishi. Ni da na yi sama da shekara talatin ina gyara wa mutane furuci.

A tashar jirgin ƙasa wani mutum mai tsabtar tufafi ya tare ni da cikakkiyar sallama, ya kira ni Alhaji, ya tambayi iyali. Ya ce bai kamata babba kamata ya ja akwati a kan matakala ba alhali yana tsaye. Na ba shi, domin a Daura haka ake yi, kuma ba a waiwaya a dubi wanda ya karɓar maka kaya. Na bi matakalar a hankali saboda gwiwa. Da na kai sama babu shi babu akwatin. A ciki akwai rigar sanyina, da maganin hawan jinina, da dabino da goron da matata Hajiya Balaraba ta ƙulle mini don in miƙa wa masu makoki. Fasfo da waya suna aljihun ƙirji. Tabarmar tana hammatata, don bai nemi ya ɗaukar mini ita ba.

Na tsaya ina jiran haushi ya zo, bai zo ba. Na sami benci na zauna ina kallon allon da ke nuna lokacin jirage yana ta sauyawa.

Na kwana a wani ƙaramin masauki kusa da tashar. Da asuba na farka da kaina, babu kiran salla, babu ƙarar tsintsiyar Hajiya a tsakar gida, babu mai koko. Na yi alwala da ruwan da ya fi jinina ɗumi, na yi salla a kan tabarmar, ina ƙiyasta gabas da hasken taga. A nan ne na tuna lambar da Nasiru ya sa mini a waya ba da son raina ba.

Lambar Chinedu ce, ɗan Oga Sande mai sayar da kayan gyaran mota a bakin tasharmu. A Daura aka haife shi, kuma ya zauna a ajina. Yanzu ya haura arba'in, yana tuƙa motar kai kaya a Dijon, garin da ke kan hanyar Bezanson. Na riga na gaya wa Nasiru cewa wanda ya koyar da harshen ƙasa ba ya bukatar ɗan jagora a cikinta. Na kira.

"Wa ke magana?" ya ce da Faransanci.

Na faɗi sunana. Sai na ji ihu da Hausar Daura tsantsa.

"Malam! Malam Haruna! Ni da ka ce ko jiƙa Faransanci aka yi aka ba ni na sha ba zai zauna ba!"

"Har yanzu ban ji ka yi shi daidai ba," na ce.

"Wallahi Malam har yau in sanyi ya yi ina jin bulalarka. Kana ina?"

Ya gaya mini jirgin da zan hau, ya tarye ni a tashar garinsu, ya durƙusa a gaban jama'a ya gaishe ni. Ya kai ni kantin magani, ya kai ni gidansa. Matarsa ta tuƙa mini tuwon semo da miyar agushi, ta rantse cewa naman daga mahaucin Larabawa ta sayo. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba, ko da yake na yaba. Rigar sanyin da ta dace da ni a gidan ita ce ta wurin aikinsa, ruwan lemo mai ƙyalli, da sunan kamfani a baya. Haka na ɗora ta a kan babbar riga.

"Malam, ka yi kyau," ya ce. "Kamar Sarkin Tasha."

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, dariyar ta ɗauke. Ya ce zai riƙa sauke ni a Bezanson da safe in ya fita aiki, ya ɗauke ni da yamma.

Na gane titin, na gane gidan. Ƙasan, inda ɗakin cin abincinta yake, ya zama kantin sayar da wayoyi. Ƙofar hawa sama babu mariƙi, sai maɓallan lambobi. Na duba ko'ina ban ga alamar an yi rashi ba, duk da na san watanni sun wuce. Ido ne kawai ya saba neman tabarma da buta a ƙofar gida. Wurin mai burodi ya koma wurin gyaran gashi. Yarinyar da ke kantin wayoyi ba ta taɓa jin sunan ba, na gida ko na fim. Ta duba a wayarta, ta juyo mini da ita. Ga Madam tana yarinya, da hula a karkace, tana kallon wani abu a bayan mai ɗaukar hoton.

"Kyakkyawa ce," in ji yarinyar. "A nan ta zauna?"

Na ce a nan, daidai inda take tsaye. A ofishin magajin gari aka gaya mini ta daɗe da barin gidan, a gidan tsofaffi ta ƙare.

Gidan tsofaffin yana bayan gari, mai tsabta ƙwarai, babu ƙara. Shugabar wurin ta karɓe ni da ladabi, ta ba ni kujera. Na tuɓe hula a zuciyata na fara jera gaisuwar da na shirya tun daga Daura. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce ta gode, amma ita bara ta kama aiki, ba ta san marigayiyar sosai ba. Na tambayi kabarin. Ta ce babu kabari. An ƙone gawar, an watsa tokar a wani lambu da aka ware don haka a maƙabartar gari.

Na ji maganar ta shiga kunnena ta zauna. Na lura akwai tukunyar fure a kan teburinta, kuma furen na roba ne.

Ta kira wata ma'aikaciya da ta yi jinyarta. Wannan ta ce wani lokaci sukan sa wa tsofaffin finafinan Madam a ɗakin hutu, su tura ta gaban talabijin a kekenta. Takan kalla shiru, sannan ta juyo ta ce, "Wace ce yarinyar nan mai yawan kuka?" Na tambaya ko ta taɓa ambaton wani ɗalibi daga Afirka. Na ga matar tana so ta ce eh, amma ta ce a shekarun ƙarshe ko sunanta ba ta riƙe ba. Na tambaya wa ya halarci ƙona ta. Ta ce babu wanda ya je, ranar aiki ce.

Akwai dai ɗan ɗan'uwanta guda, a kudancin ƙasar, shi ya sa hannu a takardu. Shugabar ta kira shi ta miƙo mini wayar. Na gyara zama, na faɗi sunana da garina, na ce na zo ne in yi masa gaisuwar rashin gwaggonsa.

"Na gode," ya ce. "Me kake nema?"

Na ce ba na neman komai.

"Domin in maganar gado ce, babu abin da ya rage. Gidan ya tafi a kuɗin jinya."

Na ce gaisuwa ce kawai, kuma in ya yarda zan zo har inda yake.

"Ba sai ka zo ba. Sau biyu na taɓa ganinta. Ka yi haƙuri, ina tuƙi."

Na mayar wa shugabar wayarta na yi godiya. A mota Chinedu ya tambaye ni yadda aka yi. Na ce an yi. Bai ƙara tambaya ba, ya kunna mini abin ɗumama kujera.

Washegari Alhamis ce. Na ce ya sauke ni a tsohon gidan. Ban shirya komai ba, ƙafata ce ta san abin da za ta yi. Na warware tabarmar a gefen ƙofar mai maɓallai, inda ba zan tare wa kowa hanya ba. Na tuɓe takalmi na ajiye a bakinta. Na dafa bango na sauka a hankali har na zauna, na jingina. Sanyin dutsen ya ratsa kabar ya shiga ƙashina, daga baya na daina jinsa.

Mutane suna wucewa, ƙafafu kawai nake gani. Wata tsohuwa mai jan kare ta rage tafiya, ta buɗe jaka, ta sunkuya ta jefa kwabo a cikin takalmina. Na ji ƙararsa. Ni Haruna, wanda ya riƙe makarantun sakandare uku, wanda hakimai ke miƙewa in ya shiga zaure. Na dubi kwabon. Ban kira ta ba, ban kuma fitar da shi ba.

Wajen azahar 'yan sanda biyu suka tsaya a kaina. Babban cikinsu ya ce, cikin ladabi, ba a bara a wannan titi. Na ba shi amsa da Faransancin da na fi kowane iyawa. Na ce ba bara nake ba, zaman makoki nake, kamar yadda ake yi a ƙasarmu, domin matar da ta mallaki gidan nan ta rasu kuma ba a zauna mata ba. Wannan karon ba a amsa mini da Ingilishi ba.

"Kai danginta ne?" ya ce.

Tambayar Malam Isiyaku ce ta dawo da wata riga. Na nema mata amsar da ba ƙarya ba. Na ce, "Ni ne wanda ya rage."

Suna tsaye suna duban juna motar Chinedu ta tsaya a ƙetaren titi. Daga baya ya gaya mini hankalinsa ne bai kwanta ba, ya karkato da hanya. Ya tsallako da sauri, na ga bakinsa a buɗe zai yi wa 'yan sandan bayani. Sai ya ga tabarmar, ya ga takalmina a bakinta. Ya rufe bakin. Ya sunkuya ya kwance igiyar manyan takalmansa na aiki, ya jera su kusa da nawa, ya hau tabarmar da safa, ya durƙusa.

"Malam, ya muka ji da haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri da godiya."

"Ashe Mama lokaci ya yi."

"Lokaci ya yi."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Allah ya ba da dangana."

"Amin. Na gode da zuwa."

Ya gyara ya zauna a gefena ya jingina da bango, bai ƙara cewa komai ba, kamar yadda ya ga ana yi a ƙofar gidajen Daura tun yana yaro. Babban ɗan sandan ya cire hularsa ya faɗi kalmar da suke faɗa wa wanda aka yi wa rashi, suka wuce. Can yarinyar kantin wayoyi ta fito da gahawa a kofunan takarda biyu, ta ajiye a gabanmu. Ta dubi takalman, ta dubi nata, ta yi jinkiri, sannan ta zame su ta tsuguna a bakin tabarmar na ɗan lokaci kafin wani mai sayayya ya kira ta.

Ban yi kwana uku ba. Gwiwar da sanyin ba su bar ni na wuce la'asar ba, kuma sai da Chinedu ya ɗaga ni. Ban yi kuka ba, ba da idon dama ba, ba da na hagu ba. Na juye kwabon a kan dakalin ƙofa, na sa takalmina, na naɗe tabarmar.

Da na dawo Daura, Malam Isiyaku ya zo yi mini barka da sauka. Bayan an gaisa ya ce, "To, ka sami wanda ka gaisar?"

Na ce, "Ban samu ba. Ni aka gaisar."

Ya daɗe yana jan carbinsa. Sannan ya muskuta ya fuskance ni ya ce, "Ya haƙuri, Haruna?" Na amsa masa.

Ranar da ta rasu tana rubuce a wurin Turawa, ba ni da bukatar in maimaita ta. Wadda nake so 'ya'yana su rubuta, su ajiye tare da ranakun gidanmu, ita ce wannan: Alhamis ta farko a watan Azumin Tsofaffi na bara. Ran nan aka yi zaman makokin Madam Rozin a ƙofar gidan ubanta, kuma mutum uku suka tuɓe takalmi.